Ɗan Rakiyar da Ya Fi Ni Iya Faɗuwa

Likitan da ya duba mini gwiwar dama bai ɓoye mini komai ba. Ya ɗaga hoton ƙashin ya kara da hasken taga, ya ce, "Malam, kai da shuri kun rabu. In kana so ka ci gaba da sallah ba a kan kujera ba, ka bar wa yara karate." Na fito daga asibitin ina ɗingishi, raina a ɓace kamar wanda aka sallama daga aiki.

Tun ina sakandare nake karate. A Tudun Wada na tashi, a gidan kakanmu da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, kuma duk layinmu ni kaɗai ne mai farar rigar atisaye da ɗamara. Duk ranar da mahaifiyata ta wanke su ta shanya, sai yaran unguwa su yi ta leƙe ta zaure. Ban taɓa dukan kowa a titi ba, amma ina jin daɗin yadda ake nuna ni. Na girma, na yi aure, na samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Maikunkele, ban daina ba. To ga shi yanzu na haura arba'in, tumbi ya soma leƙowa, an ce in zauna.

Ina cikin wannan zaman ne na ci karo da wani bidiyo a waya. Wani tsoho ne ɗan Japan, ɗan ƙanƙani, samari majiya ƙarfi suna rugowa kansa, shi kuwa ko ƙafa bai ɗaga ba. Sai ya ɗan juya, ya taɓa wuyan hannu ko gwiwar hannu, ka ga ƙato ya tafi ƙasa. Na kalla har batirina ya mutu. Da na koma gida na ce wa matata na samu abin yi, sunansa aikido.

Ta ce, "Aikin me? Wanda kake yi a sakatariya bai ishe ka ba?"

Na yi mata bayani, ta ce in dai ba za a dawo mata da ni a kan keken guragu ba, in je.

Samun wurin koyo shi ne wahalar. Masu karate da masu tekwando suna nan birjik a gari, amma in ka ce aikido sai a tambaye ka ko magani ne. Ga shi kuma an hana ni tuƙa babur na wani lokaci saboda gwiwar. Nan ne abokina ya shigo cikin maganar. Teburinsa yana kusa da nawa a ofis, mun yi shekaru muna cin abincin rana tare. Mutumin kudancin Kaduna ne, iyayensa suka zo Minna yana ƙarami. Gajere ne mai ƙiba, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu, kuma a iya sanina bai taɓa gudu ba sai in ruwan sama ne ya tare shi a hanya. Yana da wata tsohuwar mota da ƙofar gaba ba ta buɗuwa sai ta ciki. Ya ce, "Malam, mene ne amfanin mota in ban kai ka ba? Ni zan zauna in yi kallo."

Wuri na farko da muka je wani ɗakin ɗaga ƙarfe ne a saman bene a cikin gari. A allonsu sun rubuta sunan kowane irin faɗa da ake yi a duniya. Kiɗa yana tashi har ƙirji na rawa. Wani saurayi mai damtse kamar turmi ya ce mini, "Oga, duk abu ɗaya ne, zan koya maka." Ya kama hannuna ya murɗe da ƙarfin tsiya har idona ya kawo ruwa. Tun kafin ya sake ni na gane bidiyon da na kalla shi ma shi ya kalla. Muka sauko, abokina yana dariya har yana riƙe bango.

Ƙanin matata da ke karatu a jami'a shi ya ba ni labarin wani malaminsu. Ya ce mutumin ya koyi abin ne lokacin da ya je karatu ƙasar waje, kuma yana koya wa wasu ɗalibai kyauta a Gidan Kwano, a wani zauren taro da ba a gama gininsa ba, bayan gidajen hayar ɗalibai. Wata Asabar da safe muka kama hanyar Bida, muna kauce wa ramuka da manyan motoci, gonakin doya suna wucewa hagu da dama.

Zauren babu tagogi, ramukansu kawai. An shimfiɗa katifun soso an rufe da shuɗin tamfol. Malamin siririn mutum ne mai furfura a gemu, Banufe, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji. Tambayata ta farko kan sunkuyo ce, domin na ga a bidiyo suna kai goshi ƙasa. Ya ce a wurinsa hannu ake ɗorawa a ƙirji a ɗan rusuna da kai, goshi na Allah ne. Hankalina ya kwanta. Na ba shi labarin shekarun da na yi ina karate da launin ɗamarata, ina jira in ga ya girmama abin. Ya ce, "Madalla. To za mu fara da koyon faɗuwa."

Faɗuwa muka yi ta yi. Ka durƙusa, ka lanƙwasa hannu kamar ka rungumi ganga, ka mirgina ta kafaɗa ka miƙe. Ɗaliban suna yi shiru kamar ana mirgina tabarma. Ni kuwa duk mirginawa sai ka ji tim, kamar an jefar da buhun masara daga saman mota. Abokina yana zaune a kan bulo a bakin ƙofa, yana ɓare gyaɗa yana kallo.

A zuwanmu na uku ko na huɗu aka zo aikin mutum biyu-biyu. Ɗaliban duk sirara ne, malamin ya ce ina bukatar wanda nauyinsa ya kai nawa. Ya waiwaya bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka taimaka wa abokinka?"

Abokina ya ce, "Ni? Ni direba ne kawai."

"Riƙe masa hannu kawai za ka yi. Amma bari in nuna maka yadda ake faɗuwa, kada ka ji ciwo."

Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya cire takalmi, ya hau tamfol da wandon yadi da rigar bikin godiyar cocinsu. Na riga na shirya dariyata. Malamin ya nuna masa sau ɗaya. Ya durƙusa, ya lanƙwasa hannu, ya tafi. Ban ji komai ba. Mutum mai wannan tumbin ya mirgina ya miƙe tsaye, ko ƙurar tamfol ba ta tashi ba. Ɗaliban suka zuba masa ido. Malamin ya ce, "Sake." Ya sake, ta ɗaya kafaɗar ma. Malamin ya tambaye shi inda ya koya, ya ce shi bai koya ko'ina ba, sai dai yana yaro ya sha faɗowa daga bishiyar mangwaro. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

A hanyar dawowa yana tuƙi yana rera waƙarsu ta coci, ya ce, "Malam, abin nan akwai daɗi fa." Na ce masa ai ranar farko kowa haka yake ji.

Daga nan ya zama ɗalibi. Ni na yi odar farar rigar atisaye mai kauri daga Abuja, shi ya ci gaba da zuwa da rigunan bukukuwan coci, yau ta zumuntar mata, gobe ta matasa. Na haddace sunan kowane kamu da yaren Japan, ina karantawa a ofis in babu aiki. Shi ko ɗaya bai riƙe ba, sai ya ce "wanda ake juyawa ta baya" ko "wanda ake ɗaga hannu kamar za a sha ruwa." Amma da zarar an kama masa wuyan hannu, sai jikinsa ya san inda zai bi. Ƙugunsa ya juya, ƙafafunsa su zame a kan tamfol, ka tsinci kanka a ƙasa ba ka san lokacin da ka tafi ba, kuma ba ka ji zafi ba. Rashin zafin nan ya fi komai ƙona mini rai. Da da ƙarfi yake kayar da ni, da na ce nauyi ne ya taimake shi.

A wurin malamin kalma biyu ce rabona kullum: "Saki kafaɗa." Ya zo ta bayana ya ɗora yatsa a kafaɗata ya ce saki. In sake, kafin ya kai ƙarshen layi ta koma kusa da kunne. Idan ya isa wurin abokina sai ya tsaya ya ɗan kalla, ya ce, "Haka," ya wuce. Wannan "haka" na yi watanni ina jiran a ce mini ita.

Sai kuma ya fara kiransa gaba in zai nuna sabon kamu. A irin wannan makaranta, wanda malami yake kira ya nuna abu da shi, shi ne wanda ya yarda da faɗuwarsa. Ina zaune a kan gwiwoyina, ta daman tana zugi, ina kallon mutumin da ya zo rakiya yana shawagi a iska yana sauka kamar kyanwa. Ɗaliban suka laƙaba masa Baba. In an tashi sai su kewaye shi, wannan ya ce Baba riƙe ni in gwada, waccan ta ce Baba duba ƙafata. Ni kuma su ce mini "sannu da ƙoƙari, yallaɓai," irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya.

A gida na ture kujerun falo na shimfiɗa katifar baƙi, ina mirginawa bayan la'asar. Wata rana na daki ƙafar tebur da diddige, kofuna suka zube. Matata ta fito daga kicin ta tsaya tana kallona a kwance.

Ta ce, "Wai shi abokin naka ma haka yake fasa wa matarsa kofuna?"

Na ce, "Shi ba ya atisaye a gida."

"To ashe ka fi shi ƙoƙari."

Na ce na fi shi. Ta ɗan dube ni, ta tsince kofunanta, ta koma kicin. Ta san ni.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shi bai ɗauki abin da muhimmanci ba. In suna da gwajin waƙa a coci sai ya sauke ni a bakin zauren ya juya, in dawo a motar ɗalibai. Wani lokaci ya yi makonni bai hau tamfol ba. In yi ta murna a raina, in ce yanzu zan cim masa. Ranar da ya dawo sai ka rantse a kan tamfol ɗin ya kwana. Na taɓa tambayarsa a ofis, muna cin shinkafa da wake, wai me yake tunani in an kama shi. Ya ajiye cokali yana neman amsa da gaske, sannan ya ce, "Wallahi Malam ba na tunanin komai. Kamar rawa ne. In mutum ya zo, sai ka ba shi hanya." Na so a ce wani sirri ya faɗa mini wanda zan rubuta in haddace.

Wata rana bayan an tashi na tsaya na tambayi malamin me ke damuna. Yana naɗe tamfol ya ce, "Karate ɗinka yana da kyau, yana nan a jikinka. Kai in an riƙe maka hannu, faɗa kake yi da hannun. Mutuminka kuwa ba ya faɗa da kowa." Ban ji rabin farko na maganar ba, zancen mutumina kawai na ji. Ko a amsar tambayata sai da ya shigo.

Da damina ta yi nisa aka ce wani babban malami zai zo daga Abuja ya yi mana jarrabawar ƙarin matsayi. Na shirya kamar zan sake rubuta jarrabawar fita sakandare. Ranar ana ruwa, feshi yana shigowa ta ramukan tagogi, tamfol ya yi santsi. Baƙon yana kiran sunan kamu, ni ina yi tun kafin ya rufe baki. Abokina kuwa sai ya saci kallon na kusa da shi ya ga wanne ake nufi, sannan ya yi. Da aka gama aka kira waɗanda suka haye, sunansa ne na biyu. Ni aka ce in ƙara 'yan watanni, na san komai amma jikina bai saki ba tukuna.

Ya rungume ni yana cewa, "Malam, kuskure suka yi, ai kai ne kake gaya mini sunayen." Ya faɗa da zuciya ɗaya, na sani. Da gori ya yi mini da ya fi mini sauƙi. A mota ya kashe rediyo, bai yi waƙa ba, don kada ya ɓata mini rai, wannan ma ya ƙara ɓata mini. Ina kallon ruwa yana bin gilashi har muka shigo gari.

Ranar Litinin na ce masa salon malamin bai dace da ni ba. Na ce abin ya yi sanyi da yawa, numfashi da juye-juye, ni kuma na saba da atisaye mai zafi. Akwai gaskiya a ciki. Zaman gwiwa yana wahalar da ni, kuma bayanin malamin na "ji inda nauyinsa yake" bai taɓa shiga kaina ba. Amma da ni aka kira na biyu a ranar nan, da ban ga aibin salon ba. Abokina ya yi ta roƙona, na ƙi. Ya ci gaba da zuwa shi kaɗai. Duk Asabar da safe ina gida ina ganinsa a raina yana kan hanyar Bida yana waƙa.

Na yi wata biyu ko uku ba na komai. Sai wani mai gadin sakatariyarmu, da ya ji ina zancen, ya ce ai nan kusa da mu a Maikunkele akwai wani tsohon soja da ke koya musu irin wannan murɗe-murɗen hannu, a wani sito kusa da injin casar shinkafa. Lokacin na koma hawa babur. Bayan an tashi aiki na bi kwatancensa, ban gaya wa kowa ba.

Buhunan ƙaiƙayin shinkafa aka jera a ƙasa aka ɗaure tamfol a kai. In ka faɗi sai ƙura mai ƙaiƙayi ta tashi ta shiga wuya. Ɗaliban masu gadi ne da 'yan sintiri, da wani mahauci, da wata ma'aikaciyar jinya mai fuskar da ba wasa. Tsohon sojan baƙi ne dogo, kansa a aske ƙwal, Hausarsa ta bariki. Ya ce a wani kwas da aka tura shi waje ya koya, kuma shi bai san wani numfashi ba. Kowane kamu ya yanka shi gida-gida. Ya daka tsawa, "Ɗaya!" kowa ya matsa ƙafa. "Biyu!" kowa ya juya. Ƙafa a nan, hannu a nan, ido a can. In ka karkace ya zo da ɗan sandansa ya gyara maka diddige. Babu zaman gwiwa, a tsaye ake komai, domin shi ma gwiwoyinsa sun gama aiki.

Tun ranar farko jikina ya gane yaren. Irin karatun da na tashi da shi ne, a ba ka umarni ka bi, a ƙirga maka ka maimaita har ya zauna. Kafaɗar da aka yi ta ce mini in saki, ban san lokacin da ta sauka da kanta ba, don hankalina yana kan ƙirga. Bayan 'yan makonni tsohon ya nuna ni da sanda ya ce, "Kai, ɗan ofis, zo nan." Ya nuna kamu da ni. Ya buga ni da ƙasa har haƙorana suka haɗu, na tashi ƙaiƙayi cike da gashina, ina jin daɗin da na daɗe ban ji ba.

Ban gaya wa abokina ba. A ofis in ya ba ni labarin Gidan Kwano sai in ce madalla, in ci gaba da aikina. Amma mai gadin nan bakinsa ba ya shiru. Wata rana abokina ya shigo da fara'arsa ya ce, "Malam! Ashe ka samu wuri ka ɓoye mini? Yau zan bi ka in gani."

Na ce wurin ƙura ne, ba zai ji daɗi ba. Na ce tsohon yana da faɗa. Ya ce ba komai, kallo kawai zai yi. Da na ji kalmar kallo sai na tuna da kallon ya fara a Gidan Kwano.

Ya bi ni a baya da motarsa. Bai daɗe a bakin ƙofa ba tsohon ya ce a wurinsa ba a kallo, ko ka shigo ko ka tafi. Ya shigo. Da aka fara ƙirga sai ya rikice. A ce ɗaya, shi ya riga ya kai uku. A ce hagu, ya tafi dama. Sandan tsohon ya sauka a diddigensa ya fi a ƙirga. Mahaucin yana ƙunshe dariya. Ni kuwa ina layin gaba, ƙafata tana sauka daidai kan kowace tsawa, zuciyata fari ƙal. Na ce yau dai ya ga nawa gidan.

Can wajen ƙarshe tsohon ya ce a bar ƙirga, kowa ya kai wa abokinsa hari yadda ya ga dama. Ya haɗa abokina da wani ɗan sintiri, ƙato mai saurin hannu. Ƙaton ya rugo. Abokina ya ɗan juya, ƙaton ya wuce ya kife. Ya tashi ya sake rugowa da fushi, ya sake kifewa. Tsohon ya ɗaga sanda, kowa ya tsaya. Ya zagaya abokina yana dubansa sama da ƙasa, ya ce, "Kai ba ka san hagu da dama ba, amma wanda ya koya maka ya iya. Sake yi, kowa ya kalla." Muka koma gefe muka tsaya. Ni da na yi zaton na tsere, ga ni kuma ina kallonsa, a sitona, a gaban malamina.

Da muka fito yana kaɗe ƙaiƙayi daga wuyansa ya ce, "Malam, wurin nan naka ne. Ni tsawar nan tana sa ni mantuwa, kaina har ciwo yake. Zan zauna a wurin malaminmu." Na ce ai kowa da inda ya dace da shi. Na hau babur na tafi gida da sauƙi a ƙirjina, har na tsaya na saya wa yara rake a hanya. Amma tsohon bai manta da shi ba. Ya daɗe in ya ga na ƙage sai ya ce, "Ina gajeren abokinka? Yi kamar shi."

Na zauna a sito. A nan na ci jarrabawata ta farko, da ta biyu. Gwiwar tana ciwo in an yi sanyi, amma har yau a tsaye nake sallah. Abokina yana gabana da matsayi, ya kuma sayi farar riga daga ƙarshe, bayan matarsa ta ce ya ƙarar mata da rigunan coci. Malaman biyu sun san juna ta dalilinmu, wani lokaci a haɗa ɗalibai a yi atisaye tare, yau a Gidan Kwano, wata rana a Maikunkele. In an haɗu nakan nemi wani abokin kamu, amma ba kullum nake tsira ba. Akwai ranar da ya jefa ni, na ji ƙafafuna sun bar ƙasa ba tare da wani ya ture ni ba, har dariya ta kuɓuce mini ina sama. Da na sauka na miƙe, na dubi yadda yake tsaye yana sosa tumbi kamar bai yi komai ba, sai ƙyashin nan ya dawo ya zauna mini a ƙirji inda ya saba.

Kwanan baya ya same ni a ofis da damuwa a fuska. Ya ce jarrabawar da ke gabansa akwai wasan sanda mai matakai da yawa a jere, dole a yi su bi da bi, shi kuma da ya kai tsakiya sai ya ɓace. Ya ce, "Malam, kai ne gwanin ƙirga. Taimake ni." Na ce zan duba in ga ko ina da lokaci. Na bar shi ya jira har washegari, ina jin daɗin jiran nasa.

Da lokacin abincin rana ya yi muka zagaya bayan sakatariya, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da sandunan goge-goge guda biyu da muka ara. Na yanka masa abin gida-gida yadda tsohon ya koya mana, ina ƙirgawa da ƙarfi. Ni sai da na yi wata guda kafin jerin ya zauna mini. Muka bi sau ɗaya yana tuntuɓe. Muka sake, ya ɗan gyaru. A na uku ya ce in daina ƙirga, zai sa masa waƙa. Ya fara rera wata waƙarsu ƙasa-ƙasa, sandan yana tafiya da ita, tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ba, kuma ya fi nawa kyau. Ya juyo yana haki, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Haka ne, Malam?"

Na ce masa ƙafarsa ta baya ta ɗan karkace. Ya duba ƙafar da gaske, ya gyara, ya yi mini godiya. Muka mayar da sandunan, muka koma ciki, shinkafarmu ta riga ta huce.